Bugun Zuciyar Jariri: Me Ya Sa Yake Sauri, Kuma Yake Hawa Da Sauka?

Idan kika ɗora tafin hannunki a ƙirjin jaririnki sabon haihuwa, za ki lura da abu biyu. Na farko, zuciyarsa tana gudu fiye da taki nesa ba kusa ba. Na biyu, gudun ba ya tsayawa wuri guda. Yanzu ya yi sauri, an jima ya lafa, da jaririn ya motsa ko ya yi kuka sai ya sake tashi. Wannan yakan tayar da hankalin masu jego, musamman masu haihuwar fari, har wata ta kwana ba ta runtsa ba tana zaton ɗanta ciwon zuciya gare shi.

A mafi yawan lokuta wannan hawa da sauka ba ciwo ba ne, alamar lafiya ce. Abin da ya fi damun likita shi ne zuciyar da ta kafe a gudu ɗaya, ko barci jaririn yake ko kuka, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. A nan za mu yi miki bayanin dalilin haka, da abin da za ki iya dubawa da kanki a gida, da alamomin da idan kin gan su ba a jiran gari ya waye.

Sau nawa zuciyar jariri take bugawa?

Ga ƙiyasin da ake amfani da shi a asibiti, a cikin minti ɗaya:

- Babban mutum yana zaune a natse: sau 60 zuwa 100.
- Ɗan da ke cikin mahaifa: sau 110 zuwa 160.
- Jariri yana farke a natse: galibi sau 120 zuwa 160.
- Jariri cikin barci mai nauyi: yakan sauka zuwa 100 ko 90, wani lafiyayyen ma har kusan 80.
- Jariri yana tsala kuka: yakan kai 180 ko ya ɗan haura, sannan ya sauko bayan ya yi shiru.

Idan muka ɗauki 140 a minti, zuciyar jaririnki tana bugawa kusan sau 200,000 a kwana ɗaya, wato ninki biyu na ta babba.

Dalilin saurin shi ne ƙanƙantar zuciyar. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun jaririn ba, kuma tsokarta ba ta riga ta iya buɗewa sosai ta ɗebi jini mai yawa a bugu ɗaya ba. Ga shi kuma jikin jariri, idan aka kwatanta da nauyinsa, yana cin iskar oksijin kusan ninki biyu na jikin babba, saboda yana girma kuma yana ƙoƙarin ɗumama kansa. Wanda zai cika randa da moɗa dole ya fi mai bokiti yawan kai da komo. Haka zuciyar jariri take: tunda abin da take turawa a bugu ɗaya kaɗan ne, sai ta yawaita bugun.

Totur da birki

A saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan wuri da ke fitar da siginar lantarki, shi ne yake sa ta bugawa. Amma ba shi kaɗai yake yanke saurin ba. Ƙwaƙwalwa tana riƙe da linzaminsa ta hanyar jijiyoyin saƙo iri biyu, waɗanda suke aiki ba tare da sanin mutum ba.

Iri na farko kamar totur suke. Idan jariri ya ji yunwa, ko tsoro, ko ciwo, ko sanyi, su ne suke ƙara wa zuciya gudu. Iri na biyu kamar birki suke, kuma babbarsu wata doguwar jijiya ce da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta biyo wuya ta sauka ƙirji da ciki. Idan jariri ya ƙoshi ya natsu, ita take rage gudun.

Ki duba direban adaidaita sahu da ya taso daga Na'ibawa zai shiga gari ta Titin Zariya. Ba ya tafiya da gudu ɗaya. Ya ba da wuta, ya sassauta, ya taka birki, gwargwadon abin da ke gabansa. Wanda ya riƙe gudu ɗaya ko hanya ta cushe ko ta buɗe, to ko birkinsa ya lalace ko shi kansa ba lafiya ba. Sauyawar bugun zuciya ita take nuna cewa totur da birkin jariri suna aiki, kuma ƙwaƙwalwarsa tana lura da abin da jikinsa yake buƙata.

Jijiyoyin birkin sun fi nuna a watanni ukun ƙarshe na ciki, kuma suna ci gaba da ƙwari bayan haihuwa. Shi ya sa bakwaini, wato wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, sauyawar bugunsa ba ta kai ta wanda ya cika watanninsa ba, kuma shi ya fi saurin ɗauke numfashi zuciyarsa ta yi ƙasa.

Sauyin da hannu yake ji, da wanda sai na'ura

Sauyawar iri biyu ce. Akwai babba, wadda kike ji da hannunki: bambancin gudun zuciya tsakanin barci da kuka.

Akwai kuma ƙarama, wadda hannu da kunne ba sa kamawa. Idan zuciya tana buga 140 a minti, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu ba ta kai rabin sakan ba. To wannan 'yar tazarar ma ba daidai take ba. Wata takan ɗan fi wata tsawo da abin da bai wuce ɗan ƙanƙanin kaso na sakan ba. Misali, zuciya takan ɗan ƙara sauri idan jariri ya ja numfashi, ta ɗan rage idan ya sauke. Sai da na'urar da ake manna wa wayoyi a ƙirji, irin ta gwajin ECG, ake iya auna wannan. Ba gwaji ba ne da ake yi wa kowane lafiyayyen jariri, kuma ba ki da buƙatar nemansa idan ɗanki yana shan nono yana barcinsa lafiya.

Me ya sa likitoci suke ba shi muhimmanci?

Tun jariri yana ciki ake lura da shi. Idan kin taɓa naƙuda a babban asibiti aka ɗaura miki wani bel a ciki, na'ura tana zana layi a takarda, abin da ake dubawa ke nan. Layin da yake ɗan karkarwa sama da ƙasa yana kwantar da hankali. Layin da ya miƙe sumul na tsawon lokaci yana iya nufin ɗan ya galabaita, yana ƙarancin iska. Tun a shekarun 1960 likitocin haihuwa suka gano haka.

Da an haihu kuma, bugun zuciya yana cikin abubuwa biyar da ake ba jariri maki a kansu a minti na 1 da minti na 5, bisa tsarin da Dokta Apgar, wata likita Ba'amurkiya, ta fito da shi a 1952. Bugun da ya haura 100 shi yake samun cikakken maki. Idan ya gaza haka, ma'aikatan lafiya sukan fara taimaka wa jaririn da numfashi nan take, domin a jarirai yawanci ƙarancin iska ne yake rage gudun zuciya.

Akwai kuma wani babban bincike da likitocin Jami'ar Bajiniya a Amurka suka jagoranta, aka wallafa a 2011. Sun lura cewa idan ƙwayoyin cuta suka shiga jinin bakwaini, ƙaramar sauyawar nan takan ragu sa'o'i kafin a ga ciwon a fili. Sai suka gwada a kan jarirai 3,003 masu ƙarancin nauyi sosai. A rukunin da likitoci suke ganin ma'aunin sauyawar, kusan 8 cikin 100 ne suka rasu, a ɗaya rukunin kuwa kusan 10 cikin 100. Wato zuciya takan ba da labarin ciwo tun kafin ido ya gan shi.

Sauyin da ba abin damuwa ba ne

*Barci.* Barcin jariri iri biyu ne. A mara nauyi, wanda ya kai kusan rabin barcinsa, za ki ga idonsa yana motsi a rufe, yana murmushi, yana ɗan zabura, numfashinsa ba a jere ba. A nan zuciya ta fi hawa da sauka. A mai nauyi kuwa yakan yi lamo, numfashi ya daidaita, zuciya ta rage gudu.

*Shan nono.* Tsotso aiki ne, don haka bugun yakan ƙaru, ya sauka bayan ya ƙoshi.

*Shaƙuwa, hamma, nishin bayan gida.* Duk sukan taɓa jijiyar birki, zuciya ta ɗan lafa na 'yan sakanni ta koma.

*Ɗan tsaikon numfashi.* Jariri yakan yi numfashi da sauri, ya tsaya sakan 5 zuwa 10, ya ci gaba da kansa. Muddin launinsa bai sauya ba, wannan al'ada ce a makonnin farko.

*Bugun da ya yi kamar ya tsallake.* Wasu lafiyayyun jarirai zuciyarsu takan yi wani bugu kafin lokacinsa, sai a ji kamar ta yi tuntuɓe. Yawanci yakan wuce da kansa cikin makonni. Duk da haka ki faɗa wa likita ya saurara.

*Motsin maɗiga.* Maɗiga takan harba daidai da bugun zuciya, domin ƙashin wurin bai haɗe ba tukuna. Ba ciwo ba ne, kuma ba ta buƙatar a shafa mata komai. Abin lura shi ne idan ta lotsa sosai, ko ta kumbura ta yi tauri alhali jaririn ba kuka yake ba.

Abubuwan gida da suke wahalar da zuciyar jariri

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya jarirai 39 cikin kowane 1,000 suna rasuwa kafin su cika wata ɗaya. Manyan dalilan su ne haihuwa kafin lokaci, galabaita wajen haihuwa, da shigar ƙwayoyin cuta. Ciwon zuciya na haihuwa akwai shi, yana samun kusan jarirai 8 cikin 1,000 a duniya, amma sau da yawa idan bugun jariri ya rikice, zuciyar lafiyarta ƙalau, wani abu ne daban yake takura mata. Da yawa daga cikin abubuwan nan a hannunmu suke.

*Zafi.* A bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40. Ɗaki mai rufin kwano, ba wuta, ga jariri an naɗe shi da hula da safa da bargo, dole zuciyarsa ta yi ta gudu. Duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, bugun yakan ƙaru da kusan 10. Ki rage masa kaya, ki yawaita ba shi nono. Ba ya buƙatar ruwa kafin wata 6, nononki ya wadatar ko a tsakiyar bazara.

*Sanyi.* A hunturu kuma akasin haka ne. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kuma sanyi idan ya yi masa yawa yakan sa ya yi laushi, zuciya ta rage gudu. Kada a yi masa wanka a sa'o'i 24 na farko. Bayan nan a yi da rana, da ruwa mai ɗumi, a ɗaki, a tsane shi da sauri.

*Hayaƙi.* Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, da janareto a bakin taga ko a soro, suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar oksijin. Hayaƙin sigari, da turaren wuta mai yawa, da maganin sauro na kunnawa, duk suna takura numfashin jariri. An tabbatar cewa jariran da iyayensu mata suka sha sigari da ciki, linzamin zuciyarsu yakan raunana. Gidan sauro ya fi masa.

*Kwanciya.* Ki kwantar da shi rigingine. Barci a rub-da-ciki yana rage sauyawar bugun zuciya, yana sa jariri ya yi nauyin farkawa, kuma yana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci.

*Cire beli da tsaga.* Jinin jariri gaba ɗaya bai wuce kofin shayi ɗaya da 'yan kai ba. Abin da babba zai zubar bai ji komai ba, jariri zai iya galabaita a kansa. Ga kuma ƙofar da aska take buɗe wa ƙwayoyin cuta. Haka nan bauri da jiƙe-jiƙe da zuma, kada a ba shi. Cibiya kuma a shafa mata maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, ban da gashi da tsumma ko man goge baki.

*Goro da kofi da shayi mai kauri.* Sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana bin nono, kuma jikin jariri yakan ɗauki kwanaki kafin ya fitar da shi. Ki rage.

Abu guda kuma da yake taimakawa, ba a kashe ko kwabo: ki ɗora shi a ƙirjinki, fatarsa tana taɓa taki, ki rufa da zani. Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan dabara a 1978 saboda ƙarancin kwalabar jarirai, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi ta. Tana daidaita ɗumin jiki da numfashi da bugun zuciya, musamman ga bakwaini. Uba ma zai iya yi.

Yadda za ki duba shi a gida

Ƙirga bugu 140 a minti da hannu yana da wuya ko ga ma'aikacin lafiya. 'Yar na'urar nan ta maƙalawa a yatsa da ta yawaita tun lokacin korona, da agogon hannu mai auna bugu, don manya aka yi su. A yatsan jariri sukan ba da lambar ƙarya, ko su firgita ki a banza, ko su kwantar miki da hankali alhali da matsala.

Abin da ya fi amfani shi ne ki dubi jaririn gaba ɗayansa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

1. Shan nono: yana kamawa da ƙarfi, sau 8 ko fiye a kwana?
2. Fitsari: daga kwana na 5, yana jiƙa ƙunzugu kusan sau 6 a kwana?
3. Numfashi: ki ɗaga rigarsa lokacin da yake natse, ki ƙirga tashin cikinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Daga 30 zuwa ƙasa da 60 daidai ne. Idan ya kai 60, ki sake ƙirgawa.
4. Launi: ki duba harshe da dasashi da cikin leɓe, domin a fatarmu nan ne sauyi yake fara bayyana. Ja-ja ya kamata su kasance. Tafin hannu da ƙafa sukan ɗan yi shuɗi a kwana ɗaya ko biyu na farko, wannan ba komai.
5. Zafin jiki: ki ajiye ma'aunin zafi a gida. A hammata, 36.5 zuwa 37.4 shi ne daidai.

Alamomin da ba a jira

Ki kai shi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Ya daina kama nono, ko yana tsotso kaɗan ya saki yana haki da gumi.
- Numfashi 60 ko fiye a minti yana natse, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa sosai, ko yana gurnani a kowane numfashi.
- Ya ɗauke numfashi sakan 20, ko ƙasa da haka amma launinsa ya sauya.
- Harshe ko leɓe sun yi shuɗi, ko jikinsa ya yi fari fat.
- Zafin jiki 37.5 ko fiye bayan kin rage masa kaya, ko ƙasa da 35.5.
- Ya yi laushi, ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ba ya farkawa.
- Jijjiga, ko ƙafewar ido.
- Shawara a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da ƙafa.
- Zuciya tana gudun da ba ya ƙirguwa alhali yana barci ko yana natse, kuma ba ta saukowa. Akwai wata larura da takan sa zuciyar jariri ta haura 220 a minti ta kafe a nan. Tana da magani, amma idan aka bar ta ta daɗe zuciyar takan gaji.
- Zuciya tana tafiya a hankali kamar ta babba alhali yana farke, kuma ko ya yi kuka ba ta ƙaruwa.

Kada ki ba shi farasitamol ko maganin kemis ki ce bari a gani. Zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 2 ba, asibiti ne maganinsa. A hanya ki rungume shi a jikinki, ki ci gaba da ba shi nono idan yana iya sha.

Ina za a nufa?

Daga Na'ibawa, babban asibiti mafi sauƙin kaiwa shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan Titin Zariya, kuma yana da sashen kula da jarirai na musamman. Akwai Asibitin Yara na Khalifa Isyaka Rabi'u a Titin Gidan Zoo, wanda ya fi kusa da mutanen Sharaɗa. A cikin gari akwai Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Masu zama ta wajen Bompai kuma Asibitin Nassarawa, wato na Muhammad Abdullahi Wase, ya fi musu kusa.

Maigida, wannan ɓangaren naka ne. Idan kana aikin dare a kamfani a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, to akwai daren da mai jego za ta kasance ita da jariri ba ka nan, kuma samun abin hawa cikin dare ba ƙaramin aiki ba ne. Tun ran gini, ran zane. Tun kafin a haihu ka yi magana da maƙwabci mai mota ko mai adaidaita da ka amince da shi, ka sa lambarsa a wayarta. Ka ware kuɗin mota da na kati ka ba ta a hannu. Sannan ka faɗa mata a gaban iyaye cewa idan ta ga ɗaya daga cikin alamomin nan ta tafi, kada ta tsaya neman izini. Wayarka tana iya kasancewa a kashe kana bakin inji, jariri kuwa ciwonsa da sa'o'i yake tafiya.

Ko da komai lafiya, a kai shi a duba a cikin sa'o'i 24 na farko, musamman idan a gida aka haihu, domin a nan ne zai karɓi rigakafin farko. A sake kai shi a kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na 6. Hidimar suna kada ta hana. Wasu cututtukan zuciya na haihuwa ba sa nuna kansu a ranar farko, sai bayan 'yan kwanaki, idan wata hanyar jini da ɗan yake amfani da ita a ciki ta rufe. A irin wannan zuwan ne ake kama su da wuri.

Saboda haka idan kin ji zuciyar jaririnki tana sauri da ya yi kuka, ta lafa da ya yi barci, kuma yana shan nono, launinsa da kyau, jikinsa da ɗumi, ki kwantar da hankalinki, aikinta take yi. Idan kuwa jikinki ya ba ki cewa yau ba kamar jiya yake ba, ki kawo shi a duba ko ba ki iya faɗin abin da ya sauya ba. Gara a ce miki lafiyarsa ƙalau ki koma gida.

Allah ya raya mana su, ya ba masu jego lafiya.